Gurbin Motar Naƙasasshe a Ingila: Wa Ke Tsaronsa, Wa Ke Cin Ribarsa?



Sa'ad da sakataren ƙungiyarku ya aiko mini da takardar gayya, cewa ya yi in zaɓi abin da na ga dama in yi magana a kansa, muddin dai ya shafi doka da sha'anin mulki. Na san da yawa daga cikinku sun zo da zaton za su ji batun tsarin mulki, ko rabon arziki tsakanin tarayya da jihohi. To, ku gafarce ni. Abin da na kawo muku ɗan fili ne wanda faɗinsa bai cika mita 4 ba, an kewaye shi da layin fenti, an zana hoton mutum bisa keken guragu a tsakiyarsa. Watau gurbin da ake keɓe wa naƙasassu a wurin ajiye motoci. Zan yi maganarsa ne kamar yadda na gan shi a Ingila, inda na yi 'yan shekaru ina karatu, domin a can ne aka daɗe ana ja-in-ja a kansa, tun daga bakin kanti har zuwa Kotun Ƙoli.

Bari in fara da awo, don shi ne mutane suka fi jahilta. Gurbin mota na kowa da kowa a Ingila faɗinsa mita 2.4 ne. Na naƙasasshe kuwa ana ƙara masa mita 1.2 a gefe, a yi masa zane-zanen fenti a karkace don kada kowa ya hau. Galibin mutane suna tsammani amfanin gurbin shi ne kusancinsa da ƙofar kanti. Kusancin yana da amfani, amma wannan ƙarin na gefe ya fi shi. Mai keken guragu sai ya wangale ƙofar mota gaba ɗaya, ya jawo keken ya jera shi daidai da kujera, kana ya ciccibi jikinsa da hannuwa ya koma kansa. Idan wata mota ta matse shi, ko fita ba ya iya yi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ya fita lafiya, ya dawo daga sayayya ya tarar an matse shi, ya rasa hanyar shiga motarsa, ya zauna cikin ruwan sama yana jiran mutumin da bai sani ba. Saboda haka mai lafiyar da ya ce minti biyar kawai zai yi, yana auna abin ne da ƙafafunsa. Shi in ya rasa wannan gurbi ya sami wani can gaba. Wancan in ya rasa shi sai ya juya gida.

Hoton nan na mutum bisa keke ma aikin ɗaliba ne kamarku. Wata 'yar ƙasar Danmak mai koyon zane, Susanne Koefoed, ita ta zana shi a 1968. Daga baya aka ƙara masa kai, ya zama alamar da duniya ta sani. Na faɗi wannan ne don masu raina aikin aji.

Asalin dokar a Ingila kuwa yana komawa ga wani ɗan majalisa mai suna Alf Morris, wakilin Wythenshawe a birnin Manchester. Mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba ƙafa ɗaya, ba ido ɗaya, ga gubar iskar yaƙi ta ɓata masa huhu, ya kuma rasu Alf yana ƙaramin yaro. A majalisarsu akwai al'adar jefa ƙuri'a don a fid da 'yan majalisar da za a ba dama su gabatar da dokar ƙashin kansu. A 1969 ƙuri'a ta faɗa kan Morris, shi ne na fari, sai ya kawo dokar marasa lafiya da naƙasassu, wadda ta tabbata a 1970. Daga cikinta ne aka fid da katin da ake ajiyewa a gaban mota, aka fara raba shi a 1971, launinsa ruwan lemo. A 1974 Morris ya zama ministan naƙasassu, na farko da aka taɓa naɗawa. A shekarar 2000 aka sake launin katin ya koma shuɗi don ya yi daidai da na sauran ƙasashen Turai, shi ya sa yanzu ake ce masa shuɗin kati.

Ƙaramar hukuma ce ke ba da shi, kuɗinsa bai wuce fam 10 ba a Ingila, yana aiki har shekara 3. Mai shi yana iya tsayawa a gurbin naƙasassu na kan titi, yana iya ajiye mota a yawancin wuraren biya na bakin titi ba tare da ya biya ba, yana kuma iya tsayawa bisa layin rawaya, inda aka hana kowa, har awa 3, in dai ya saita ɗan agogon kwali da ake haɗa masa da shi. A Landan an yafe masa harajin shiga tsakiyar birni, wanda aka mai da fam 15 a rana a 2020. Ku yi lissafin wannan a wata guda, za ku gane dalilin da ya sa ake fasa gilashin mota don a sace kati a bar rediyo. A 2023 katunan da ke hannun jama'a a Ingila sun haura miliyan 2 da rabi.

Duk abin da ke da daraja irin wannan, lalle a sami masu cin amanarsa, kuma iri-iri ne. Akwai ɓarawo da mai buga na jabu, waɗannan ba su da wuyar hukunci. An sake fasalin katin a 2012 aka sa masa alamun da ke da wuyar kwaikwayo, a 2013 kuma aka ba ma'aikatan ƙananan hukumomi ikon karɓe katin da suka tarar ana zamba da shi. Tarar da kotu ke iya yankewa ta kai fam 1,000. Akwai wanda tsohuwarsa ta rasu ya ci gaba da amfani da katinta. Amma wanda ya fi yawa shi ne mutumin kirki, ɗan gida, wanda ya ari katin kakarsa ya tafi aiki da shi. Abin da ke ba shi sutura kuwa shi ne hoton mai katin a bayansa yake, fuskar da ake nunawa ta gilashi ba ta da hoto. An yi haka ne don a kare mutuncin naƙasasshe, kada kowane mai wucewa ya san fuskarsa, sai suturar ta rufe har da maci amana.

Ba zan tsaya a nan ina nuna wasu da yatsa in ɓoye nawa ba. Mutumin da na yi haya a gidansa wani dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar. Matarsa ba ta tuƙi, sai ya zamana ni ke jan motarsa ran Asabar in kai shi kanti. Wata rana ya aike ni in karɓo masa magani, shi yana gida. Ana ruwa, fili ya cika, kati kuwa ga shi a aljihun mota. Na ce a raina ai aikinsa nake yi, na ɗora kati na shiga gurbin. Da na dawo har ina ba shi labari da fara'a, wai na yi dabara. Dattijon nan ya dube ni ya ce katin na ƙafarsa ne, ƙafarsa kuwa tana gida. Ya ce yanzu haka wani irinsa ya zagaya filin ya koma. Gaskiyarsa ce, har a doka: sai mai katin yana cikin motar, ko an je ɗaukarsa ko sauke shi. Aike ba ya ciki. Ban sake ba, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, don na san na iya kawo wa kaina hujja nan take, ba tare da na ko yi tuntuɓe ba.

Yanzu mu zo ga inda maganar ta fi sarƙewa. Duk abin da na faɗa game da ikon katin, a kan titin gwamnati ne. Da zarar ka karya kan mota ka shiga filin babban kanti, ko na rukunin shaguna, ko na wasu asibitoci, ka shiga ƙasar wani. A nan dokar shuɗin kati ba ta da ƙarfin kanta. Ɗan sanda ba ya rubuta tara a wurin, ma'aikacin ƙaramar hukuma ma haka. Fentin da ke ƙasa roƙo ne kurum, sai fa in mai filin ya ɗauki wanda zai tsare masa. Waɗanda ake ɗauka kuwa kamfanoni ne masu zaman kansu.

A dā makaminsu mari ne. Sai su ɗaura wa tayar mota wani ƙarfe su kulle, su ce ba za su kwance ba sai an biya nan take. Abin ya zama sana'ar 'yan ta-kife: a ɓoye allon gargaɗi a bayan bishiya, a laɓe a jira, a kama mace da yara da dare a ce ta kawo ɗaruruwan fam. A Sukotlan tun 1992 kotu ta yanke, a shari'ar Black da Carmichael, cewa wannan ƙwace ne da sata. Ingila da Wales suka yi shekara 20 suna jan ƙafa, sai ran 1 ga Oktoba, 2012, wata sabuwar doka ta haramta ɗaura mari ko jan mota a filin da ba na hukuma ba. Jama'a suka yi murna. Amma majalisa ba ta karɓe makami ta bar kamfanoni hannu sake ba. A cikin dokar nan dai aka ba su abin da ya fi mari: in ba a san wanda ya tuƙa motar ba, suna iya bin wanda sunansa ke rajista bashin kuɗin, in sun cika wasu sharuɗɗa na lokaci da na rubutu. Sunan da adireshin kuwa a hukumar lasin ta DVLA suke saye, fam 2.50 kowane ɗaya. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 irin wannan buƙata ta wuce miliyan 12. Ku raba da kwanakin shekara, za ku sami fiye da 30,000 kowace rana.

Ɗaliban shari'a za su tambaya, da wane iko kamfani ke cin mutum tara? Amsa ita ce a idon doka ba tara ba ce, bashi ne na yarjejeniya. Allon da ke bakin fili tayi ne, shigarka da ajiye mota karɓa ce. Takardar da suke aikowa ana ƙera ta ne ta yi kama da ta hukuma, har launin rawaya da baƙi, amma in ka ƙi biya sai sun kai ka kotun bashi sun yi nasara. Tsohuwar ƙa'idar Ingila kuwa ita ce ba a yarda a sa horo a cikin yarjejeniya ba, sai diyyar hasarar da aka yi tsammani. To, wace hasara kamfani ya yi don mota ta ƙara minti 30 a filin da ake shiga kyauta?

Wannan tambaya ce wani mai sayar da soyayyen kifi da dankali, Barry Beavis, ya ɗauka har Kotun Ƙoli. A 2013 ya ajiye mota a filin wasu shaguna a garin Chelmsford inda aka yarda da awa 2 kyauta, ya zarce da kusan awa guda, kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85. A Nuwamban 2015 kotu ta ba kamfanin gaskiya. Alƙalai suka ce ko da babu hasara, akwai halattacciyar bukata ta ganin motoci suna juyawa don masu shaguna su sami ciniki, kuma fam 85 bai wuce kima ba. Abin da nake so ku riƙe daga shari'ar nan wani abu ne da ya fito a cikinta: kamfanin ne ke biyan masu filin don a bar shi ya tsare, shi kuwa ba ya samun ko kwabo daga wanda ya bi ƙa'ida. Abincinsa duka daga masu kuskure yake fitowa.

Ku ɗora wannan bisa gurbin naƙasassu ku gani. Hanya mafi arha ta tsaron fili ita ce a kafa kyamara a ƙofa, ta karanta lambar mota da shiga da fita, kwamfuta ta yi lissafi ta buga wasiƙa. Kyamarar nan ta san minti nawa ka yi, amma ba ta san a wane gurbi ka tsaya ba, balle ta leƙa gilashi ta ga kati. Kafin a kama mai lafiyar da ya tare gurbi sai an ɗauki mutum yana zagayawa da ƙafa, a biya shi albashi, ya kuma jure zagi. Wa ke daɗewa a kanti fiye da kowa? Wanda sai ya yi minti 10 kafin ya sauko daga mota, ya bi layin kaya a hankali, ya huta, ya nemi makewayin da kekensa zai shiga. Haka ta faru da dattijon nan nawa. Ranar da muka tarar an cinye gurbin duka, na sauke shi a tsakiyar hanya ana ta yi mana oda, ba wanda aka ce wa uffan. Ranar da muka sami gurbi muka zarce lokaci da 'yan mintoci, bayan mako biyu sai ga wasiƙa ta fam 100, wai in an biya cikin kwana 14 a rage kashi 40 cikin ɗari. Matarsa ta so ta biya don tsoro, wannan ragi kuwa don irin tsoron nan aka yi shi.

Ba mu biya ba. Akwai dokar daidaito ta 2010, wadda ta wajabta wa duk mai yi wa jama'a hidima ya yi wa naƙasasshe sassauci gwargwadon hankali, ƙarin lokaci kuwa yana iya shiga cikin wannan. Dokar ma ba ta rataya naƙasa a kan mallakar kati ba. Muka rubuta wa manajan kantin, don mai fili yana iya umartar kamfanin da ya ɗauka ya soke, aka kuwa soke. Da bai yi ba, da sai mu ɗaukaka ƙara zuwa POPLA, hukumar sauraron koke da aka kafa a 2012 don kamfanonin da ke cikin ƙungiyar BPA. Akwai wata ƙungiyar ta biyu, IPC, mai nata wurin koke dabam, kuma kamfani ne ke zaɓen ƙungiyar da zai shiga. Ku da za ku zama alƙalai, ku yi tunanin wanda ake ƙara shi ke zaɓen zauren da za a saurare shi.

Majalisa ta ga wannan. A 2019 ta zartar da dokar da Sir Greg Knight ya gabatar, wadda ta umarci gwamnati ta rubuta ƙa'ida guda ga kowa. Aka fito da ita a Fabrairun 2022, ta rage yawancin cajin daga fam 100 zuwa 50. Kamfanoni suka garzaya kotu, a watan Yuni na shekarar aka janye ta. A 2024 ƙungiyoyin biyu suka rubuta tasu da kansu, suka sa sassaucin minti 10, suka bar fam 100 inda yake. A 2025 gwamnati ta sake buɗe neman shawarar jama'a. Shekara 6 ke nan tsakanin umarnin majalisa da wannan, a ƙasar da muke ɗauka komai nata a tsare yake. Sukotlan ta bi wata hanya: dokarta ta 2009 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin mai da gurabun kan titi masu hukunci, su kuma nemi masu filaye su yi yarjejeniya don ma'aikacin hukuma ya shiga ya tsare. Ni dai wannan ta fi kwanta mini, don wanda ke rubuta tarar ba aljihunsa take shiga ba, ko da yake mai fili yana da damar ya ƙi.

Inda hukuma ta bar giɓi, jama'a kan cika shi da kansu, a nan ma akwai ɓarna. Mutum ya fito daga mota da ƙafafunsa biyu, sai a bi shi da harara, ko a maƙala masa takardar zagi a gilashi, ko a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook. Alhali mai ciwon zuciya ko na huhu yana iya tafiyar mita 30 garau, ta 60 ta kayar da shi. Tun daga 30 ga Agusta, 2019, Ingila ta buɗe katin ga masu naƙasar da ido ba ya gani, irin su ruɗewar tsufa da galahanga. Matashin da kuka ga ya fito da gudu kuma mai yiwuwa uwarsa ya je ɗaukowa daga ɗakin likita. Mai gadin sa-kai ba shi da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sau da yawa wanda yake wulakantawa shi ne wanda ya fito karewa.

Me ya haɗa mu da wannan duka? Dokarmu ta hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a keɓe gurabu masu alama a wuraren ajiye motoci na jama'a, ta sa tara ga mai lafiyar da ya shiga, ta kuma ba gine-gine wa'adin shekara 5 su gyara, wanda ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Cutar shan inna an tabbatar mun rabu da ita a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, wasunsu a ajinku suke, wasu suna jan babur mai ƙafa uku zuwa ofis. Wata rana fayil zai iso teburin ɗayanku, wani ɗan kwangila yana tayin zai tsare filin sakatariya ko na kasuwa kyauta, a bar shi da abin da ya tara. Ranar nan ku tambaye shi daga wa kuɗinsa zai fito, wa zai zagaya da ƙafa ya duba gurbin naƙasassu, wa kuma zai saurari koken wanda aka zalunta.

Shugaba, ina da roƙo guda ga ƙungiyarku. Kwamitin jin daɗin ɗalibai ya sami ma'auni, ya tafi tare da 'yan'uwanmu masu keke, domin su suka san inda tudu da kwalbati suke, a auna gaban laburare da gaban asibitin makaranta, a ga inda mita 3.6 za ta shiga kusa da ƙofa. A rubuta a kai wa sashen ayyuka, a kuma buga kwafi a fitowa ta gaba ta wannan mujalla. Na ga an miƙo mini takarda lokaci ya ƙure, kuma magariba ta gabato. In akwai tambaya biyu ko uku, zan amsa kafin a tashi.